Tayamin a ɗakin emajensi: allurar da ake mantawa da ita har sai ƙwaƙwalwa ta taɓu

Abu ne da kusan kowa ya taɓa gani ko ya ji labarinsa. Mace ce da ƙaramin ciki, wata biyu ko uku, laulayi ya sa ta a gaba, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo, sati uku sati huɗu ana abu ɗaya. Dangi na cewa ai laulayi ne, kowace mace da irin nata, zai wuce. Idan ta galabaita sai a kira mai kemis ko wata nas ta unguwa a ɗaura mata ruwa a gida, kuma yawanci mai suga ake sa wa tunda ba ta cin komai, leda biyu leda uku, ta ɗan farfaɗo, gobe a sake. Bayan 'yan kwanaki sai a ji ta fara surutai marasa kan gado, idanunta na rawa, ko ta ce tana ganin mutum ɗaya ya zama biyu, in an miƙar da ita tsaye ta riƙa tangaɗi. Daga nan kun san inda tunanin mutanenmu yake tafiya, iska, sammu, kambun baka, sai hayaƙi da tofi.

To wannan yanayin yana da suna a likitance, ciwon Wernicke, kuma abin da ke kawo shi ƙarancin wani bitamin ne guda ɗaya, tayamin, wanda aka fi sani da bitamin B1. Maganinsa allura ce mai arha. Abin takaicin shi ne ko a cikin ma'aikatan lafiya da yawa an haddace shi ne a matsayin ciwon mashaya giya, don haka in aka ga mace mai hijabi ko dattijon da ko warin giya bai sani ba, ba ya ma faɗo wa mutum a rai.

Bari mu fara da aikin da tayamin ɗin yake yi. Ka ɗauki jiki kamar janareta, suga shi ne fetur, tayamin kuma fulogi. Duk tuwo da shinkafa da burodin da muka ci suna komawa gulukos, gulukos ɗin ya shiga ƙwayoyin jiki a fara sarrafa shi, amma akwai wata ƙofa da sai ya wuce ta kafin a ƙone shi gaba ɗaya a samu cikakken ƙarfi, kuma sinadarin da ke tsaron wannan ƙofar ba ya motsi sai da tayamin. In babu, sai sugan ya tsaya a rabin hanya ya juye ya zama laktik asid, jini ya yi tsami, ƙwayoyin jiki kuma suna jin yunwa alhali ga abinci a bakin ƙofa. Gaɓoɓin da suka fi cin wuta su ne suke fara jigata, wato ƙwaƙwalwa da zuciya da jijiyoyin ƙafa. Shi ya sa ƙara wa irin wannan majinyacin ruwan suga kwana da kwanaki ba tare da tayamin ba daidai yake da ka yi ta ɗura fetur a injin da fulogi ya kusa mutuwa, ɗan abin da ya rage ma sai ya ƙarasa ƙonewa.

Kuma jiki ba ya tara shi da yawa. Duka-duka abin da ke jikin babban mutum bai wuce miligiram 25 zuwa 30 ba, buƙatar yau da kullum kamar miligiram 1.1 zuwa 1.2 ce, mai ciki da mai shayarwa suna buƙatar fiye da haka kaɗan. Wanda ya daina samu, cikin sati biyu zuwa uku rumbun ya kusa zama wayam. Ka kwatanta da bitamin B12 da hanta take iya ajiye na shekaru. Sati uku fa, daidai tsawon laulayin da ake cewa a yi haƙuri zai wuce.

Wani likitan Jamus mai suna Carl Wernicke ne ya bayyana ciwon a 1881, a kan majinyata uku. Biyu mashaya ne, amma ta ukun budurwa ce da ta sha asid ya ƙona mata hanyar abinci ta yi ta amai. Kun ga tun ranar farko ba ciwon mashaya kaɗai ba ne, daga baya ne aka liƙa musu shi saboda a Turai da Amurka su ne suka fi cika asibiti da shi. Alamomi uku ya lissafa, ruɗewa, matsalar motsin ido, da tangaɗi wajen tafiya, kuma su ɗin ne ɗalibai suke haddacewa har gobe. Matsalar kuwa a nan take. Wani likita mai binciken gawa a Ostareliya, Clive Harper, ya duba ƙwaƙwalen mutanen da suka mutu da wannan ciwo, a rahotonsa na 1986 ya nuna kashi 16 cikin 100 ne kawai suka nuna duka alamomin ukun, sannan kusan kashi 80 cikin 100 ba a gano ciwon ba sai bayan sun mutu. Wato wanda ya zauna yana jiran alamomi uku su cika kafin ya yi allura, yawancin majinyatansa za su wuce ta gabansa bai gane su ba.

Wannan ne ya sa a 1997 aka fito da wani ma'auni mai sauƙi da ake kira ma'aunin Caine, abu huɗu ne, in biyu suka haɗu a fara magani: rashin cin abinci mai gina jiki, alamar ido, tangaɗi, da ruɗewa ko mantuwa. Mai laulayin nan tamu da ta yi wata ba ta riƙe abinci, daga ranar da ta fara ruɗewa ta riga ta cika biyu. Ba a jiran gwajin jini, don gwajin tayamin ko a manyan asibitocin waje yana ɗaukar kwanaki, a wajenmu kuwa wuraren da ake yin sa ba su da yawa. Hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI ma kusan rabin masu ciwon ne kawai yake nunawa, in ya fito lafiya lau bai wanke majinyaci ba. Zato kawai ya isa a ba da magani, wannan shi ne ƙa'idar, kuma yana daga cikin wurare 'yan kaɗan a likitanci da ake cewa ka yi magani tukunna ka tabbatar daga baya.

Dalilin gaggawar shi ne abin da ke biyo baya. Wernicke in ba a yi magani ba yana kisa, wanda ya tsira kuma sau da yawa yana faɗawa cikin abin da ake kira ciwon Korsakoff, sunan wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Rasha. Mutum ne za ka gan shi garau, yana hira yana dariya, ya san sunan kakansa, amma ba ya iya riƙe sabon abu. Ka gaishe shi ka fita ka dawo bayan minti biyar, zai sake gaishe ka kamar yau ya fara ganinka. Ka tambaye shi me ya ci da safe, sai ya shirya maka labari tiryan-tiryan wanda bai faru ba, ba don maƙaryaci ba ne, ƙwaƙwalwar ce take cike gurbi da abin da ta samu. Wannan in ya zauna, da wuya ya warware gaba ɗaya. Ga mai ciki kuma akwai haɗarin ɓarin cikin a kai. Amma in aka yi allurar da wuri, alamun ido sukan fara gyaruwa cikin awoyi zuwa kwana ɗaya ko biyu, ruɗewa da tangaɗin ne suke ɗaukar lokaci.

Sai maganar yawan maganin, wadda ita ma akwai ruɗani a cikinta. Shekara da shekaru miligiram 100 a rana aka saba, musamman a Amurka, kuma ba wani ƙwaƙƙwaran gwaji ne ya kafa wannan lambar ba, an dai gaje ta ne. Yanzu ga wanda ake zargin yana da Wernicke, ƙa'idar da likitocin Birtaniya suka fi bi ita ce miligiram 500 ta jijiya sau uku a rana na kwana biyu zuwa uku, in an ga sauƙi a ci gaba da 250 a rana na wasu kwanaki uku zuwa biyar. Ƙungiyar likitocin jijiya ta Turai kuma a 2010 ta ce miligiram 200 sau uku a rana. Sun saɓa a lamba amma sun haɗu a abu biyu, ta jijiya, kuma sau uku. Ta jijiya saboda hanji iya abin da yake iya tsotsewa a lokaci guda kaɗan ne, balle hanjin mai amai ko mashayi, ƙwayar magani ba za ta kai inda ake so da sauri ba. Sau uku kuma saboda tayamin ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awoyi ƙoda ta zubar da rarar, ga shi ana so ya yi yawa a jinin sosai har ya kutsa cikin ƙwaƙwalwa. Ana zuba shi ne a ƙaramar ledar ruwan gishiri ya shiga a hankali kamar tsawon minti 30. Akwai waɗanda jikinsu ke yin mummunan bore da shi, amma abin yana da wuyar faruwa matuƙa, abin da ake buƙata kawai a yi shi a inda akwai adirenalin, allurar da ke kwantar da irin wannan boren, a kusa. Ba allurar da za a yi a ɗaki a kan tabarma ba ce.

Akwai kuma wani abokin tafiya da ake mantawa, wani sinadari na jiki mai suna magniziyam. Tayamin ba ya zama mai aiki a jiki sai da shi, kuma su waɗannan majinyatan, masu amai da gudawa da mashaya, yawanci shi ma ya yi musu ƙasa. Idan an yi ta tayamin ba a ga canji ba, wurin da ake fara dubawa ke nan.

Yanzu ga wata jayayya da ta daɗe a ɗakunan emajensi, wai kada a kuskura a ba da suga kafin tayamin. An koya wa ɗalibai wannan kamar karatun allo, har ta kai wani zai ga mutum a sume sugansa ya faɗi warwas amma ya tsaya neman tayamin a kabad. Wannan kuskure ne babba. Faɗuwar suga tana iya lalata ƙwaƙwalwa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, shi kuwa Wernicke da suga ke tayarwa, rahotannin da ake da su galibi na mutanen da aka yi ta ba su ruwan suga ne na tsawon awoyi da kwanaki ba tayamin. Don haka mai faɗuwar suga a ba shi suga nan take, tayamin ya biyo baya ko a haɗa su tare. Inda dokar take da ƙarfi shi ne irin na mai laulayin nan, da wanda ya daɗe bai ci ba, da za a ɗaura wa ruwa na kwanaki. Shi ya sa ƙa'idar kula da matsanancin aman masu ciki ta ce a fara da ruwan gishiri da fotashiyam, kar a taɓa mai suga sai an ba da tayamin.

Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba, zuciya ma tana da nata. Shi ne beriberi mai kumburi. Jijiyoyin jini su saki, zuciya ta yi ta bugu da sauri tana ƙoƙarin cike su har ta gaji, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Akwai nau'insa mai saurin kisa da Japanawa suka sa wa suna shoshin, jini ya faɗi, laktik asid ya hau sama, mutum na iya tafiya cikin awoyi ko kwana biyu. Kuma shi ne wanda in aka dace aka yi allurar, sauyin da ake gani cikin 'yan awoyi har mamaki yake ba wa likitoci. Abin da ke ƙara dagula shi, da an ga kumburi da haki sai a ɗauko Lasix, maganin da ke sa fitsari don a rage kumburi, shi kuma Lasix yana ƙara fitar da tayamin ta fitsari. Masu ciwon zuciyar da suka shekara suna shan sa, ga rashin cin abinci, suna cikin waɗanda ya kamata a riƙa tunawa da su.

Kar a ce beriberi tarihi ne kawai na zamanin da, lokacin da yake kama sojojin ruwan Japan. A daminar 1988 an yi annobarsa a wani yankin karkara na Gambiya, mutum sama da 100 suka kamu, 22 suka rasu, kuma yawancinsu samari ne majiya ƙarfi masu aikin gona, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aiki kuma ya yi yawa. An yi a babban gidan yarin Abidjan tsakanin 2002 da 2003. An yi a cikin sojojin Tarayyar Afirka da ke Mogadishu daga 2009 zuwa 2010, sojoji 241 suka kamu 4 suka mutu, mutanen da ake ba abinci kullum fa, sai dai abincin kusan kala ɗaya ne. Jarirai ma suna yi, musamman 'yan wata biyu zuwa shida masu shan nonon uwar da ita kanta ba ta da shi, an fi ganinsa a Laos da Kambodiya da Myanmar inda farar shinkafa ce abincin safe da dare. Jaririn zai yi ta kuka muryar ta dishe har ta ɗauke, ga haki, sai a ɗauka nimoniya ce. A Isra'ila a 2003 wata madarar gwangwani ta jarirai da aka yi da waken suya ta fito babu tayamin a ciki, jarirai suka mutu, wasu suka tashi da lalurar ƙwaƙwalwa.

Mu ma a Najeriya muna da namu labarin mai ban mamaki. A ƙasar Ijesha da kewaye, can kudu maso yamma, an daɗe ana ganin wani ciwo da damina, mutum ya ci abinci ya ƙoshi, bayan 'yan awoyi jiki ya kama karkarwa ya kasa tsayuwa. Tun wajen 1958 aka rubuta shi, an yi ta zaton ƙwayar cuta ce, sai a farkon shekarun 1990 wani likitan jijiya, Bola Adamolekun, ya danganta shi da wata tsutsar siliki da ake ci a lokacin damina, mai suna Anaphe venata. Tsutsar tana ɗauke da sinadarin da ke farfasa tayamin, kuma dafuwa ba ta kashe shi da sauƙi. Mutanen da dama can abincinsu rogo da doya ne, tayamin ɗinsu a bakin gaɓa yake, tsutsar ce take ƙarasa tura su.

Wannan ya kawo ni kan kicin ɗinmu, ko da yake ba shi ne maganar yau ba. Tayamin a dusa yake zaune. Gero da dawa da masara suna da shi, wake da gyaɗa ma haka, da hanta da nama, amma in aka yi surfe aka wanke aka sake wankewa, kaso mai yawa ya tafi wa awaki. Shinkafar da aka turara kafin a cashe, irin wadda matan Kura da sauran wurare suke yi, ta fi farar da ba a turara ba riƙe shi, domin turarin yana tura shi cikin ƙwayar. Garin kwaki kuwa kusan babu komai. Sannan kanwa, tayamin ba ya shiri da ita ko kaɗan, duk abin da aka dafa da kanwa mai yawa an rage masa. Ba cewa nake a daina ɗanwake ba, amma gidan da aka koma garin kwaki da farar taliya da shayi mai suga saboda tsadar rayuwa, in ciwo ya kwantar da mutum ɗaya a cikinsu, da rumbu rabi ya shigo asibiti.

Wani wurin da tayamin yake da muhimmanci shi ne lokacin da aka fara ciyar da wanda ya daɗe cikin yunwa, wanda aka kuɓutar daga hannun masu garkuwa bayan watanni, ɗan gudun hijira, fursuna, mai tarin fuka ko ciwon daji da ya rame, ko wanda aka yi wa tiyatar hanji. Tausayi yana sa a cika masa kwano, amma abinci mai yawa farat ɗaya yana sa fosfet da fotashiyam da magniziyam su ruga cikin ƙwayoyin jiki su bar jini, ɗan tayamin da ya rage kuma ya ƙone. A Birtaniya ƙa'idar ita ce miligiram 200 zuwa 300 a rana tun kafin a fara ciyarwar har kwana goma na farko, abincin kuma a ƙara shi kaɗan-kaɗan. Ana kuma haɗa shi a matsayin ɗan taimako ga wanda ya sha ruwan lagireto mai etilin gilaikol, amma a can ba shi ne ainihin maganin ba.

Sai dai kuma kar a ɗauke shi maganin komai, don an taɓa yin wannan zumuɗin. A 2017 wani likita a Virginia ta Amurka, Paul Marik, ya wallafa cewa ya haɗa bitamin C da tayamin da haidurokotizon (wani maganin rage kumburi) ga masu tsananin gubar ƙwayoyin cuta a jini, mutum 47 da aka ba wa da 47 da ba a ba wa ba, mace-mace ta sauko daga kusan kashi 40 zuwa ƙasa da kashi 9. Duniya ta ɗauka, asibitoci suka fara yi. Da aka zo aka yi manyan gwaje-gwaje na tsanaki a 2020 da 2021, ba a ga wannan ribar ba. Wani gwajin da aka yi a 2016 da tayamin shi kaɗai ma bai nuna amfani ga kowa da kowa ba, sai a cikin waɗanda dama suna da ƙarancinsa aka ga laktik asid ɗinsu ya fi sauka. Ni a ganina wannan bai rage masa daraja ba, ya dai mayar da shi gurbinsa, fulogi ne, injin da fuloginsa ke da lafiya ko ka sa masa sabo ba abin da zai ƙaru. Amma majinyacin da laktik asid ɗinsa ya ƙi sauka duk da an ba shi ruwa da maganin ƙwayoyin cuta, ga shi a rame, ba a yi asarar komai ba in an gwada.

Na san wani ma'aikacin lafiya zai ce ai mu kullum muna zuba bi-kwamfiles, wato haɗin bitamin B, a cikin ruwa, ga shi nan ma ruwan ya yi rawaya shar. Launin nan ba na tayamin ba ne, na B2 ne, tayamin shi ba shi da launi a ruwa. Kuma yawan B1 da ke cikin kwalbar bi-kwamfiles ya danganta da kamfani, wata ɗan kaɗan ne a ciki wanda bai kai ko kusa da abin da mai Wernicke yake buƙata a allura ɗaya ba, balle a ce an zuba shi a leda ya yi awa takwas yana ɗiga. Sai an juya kwalbar an karanta miligiram nawa ne na B1 a kowace mililita, a lissafa, in bai kai ba a rubuta tayamin zalla a aika a nemo. Su kuma 'yan uwan mai jinya, in mace ta haura sati biyu tana amai ba ta riƙe abinci, wurinta asibiti ne ba ɗaurin ruwa a gida ba, kuma ba rashin kunya ba ne miji ko uwa su tambayi likita cikin ladabi, ranka ya daɗe, ruwan nan da za a sa mata mai suga ne, an yi mata bitamin B1 kuwa?